Katangar Korau da 'Ya'yan Sarari

In ka tambayi mutanen Tudun Marke wane ne Korau, kowa da abin da zai faɗa maka. Masu gidajen soro za su ce magini ne da ba a taɓa kiran sa gyara ba, don abin da ya gina ba ya tsagewa. Waɗanda suka taɓa kwaɓa masa ƙasa za su ce za ka wuni da shi a kan gini ba ka ji komai daga bakinsa ba sai "miƙo" da "ya isa". Matan unguwa kuwa cewa suke yi bebe ma ya fi shi, don bebe yana ɗaga maka hannu. Tsofaffi ne kaɗai suka san shi tun yana da dariya, su kuma ba sa son a tayar da zancen. In ka matsa musu sai su nuna maka da haɓa, su ce, "Je ka dubi katangar can."

Katangar ta samo asali ne ranar da aka raba gidan mahaifinsu tsakaninsa da wansa Tunau. Al'adar garin, in 'yan'uwa suka raba gida, katanga ɗaya suke ja a tsakiya, su gina ta tare, kowa ya riƙa yaɓe gefensa in damina ta gabato. Tunau mutum ne mai barkwanci, bakinsa ba ya hutawa. Ana cikin awon wurin da igiya, dattawa na tsaye, sai ya ce, "Ku bar mini ginin nan ni kaɗai. Katangar Korau ai ko akuya ta jingina da ita sai mun kwana a fili." Aka kwashe da dariya, har da mai unguwa. Lokacin Korau bai daɗe da fara gini da kansa ba, kuma gaskiya ne wani rumbu da ya yi ya taɓa zubewa.

Korau ya bari Tunau ya gama tasa katangar, sannan ya ja da baya kaɗan ya haƙa nasa harsashin. Ya zaɓo jar ƙasa, ya cuɗa ta da ciyawa ya bar ta ta ruɓa, ya jera tubali, ya shafe da makuba da katsi masu hana ruwa cin gini, har ta zama in ka buga mata ƙarfe, ƙarfen ne ke kuka. A kanta ya ɗora azarar soronsa. Iska ba ta ratsa ta, murya ma ba ta ratsa ta.

Shi ya sa ranar da Yalwa, 'yar Tunau tilo, ta rasu, Korau bai ji kukan ba. Kowa ya ɗauka ya ji. Yana tsakar gidansa yana gyaran ƙota aka fita da ita, sai a kasuwa labari ya iske shi, bayan an dawo daga maƙabarta. Kunya ta hana shi zuwa gaisuwa ran nan, washegari kunyar ta ƙaru, aka share makoki, shekaru suka hau kan shekaru. Matarsa ta gaji da shirun gidan ta koma wurin iyayenta, ya zauna shi kaɗai.

Tsakanin katangun biyu akwai lungu, ba mai bi. Da farko jaki da mangalarsa zai wuce ta ciki. Sannu a hankali aka ga yana tsukewa. Korau ya duba tasa katangar ya ga a miƙe take sambal, ya ce a ransa ta wansa ce ke karkata, ya share.

Wata rana da hantsi, hadarin farko ya haɗo daga gabas, sai ya ji ana dukan ƙofar zaurensa. Hansai ce, matar Tunau, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba.

"Ƙanin miji, fito! Yau ko ba ka magana, ji kam sai ka ji. Yayanka ya shiga lungun nan da kwanon yaɓe tun da safe, bakin ya rufe a bayansa."

"Me ya kai shi?"

"Abin da ke kai shi kowace shekara. Ni na sani? Cewa yake hanyar ruwa zai gyara."

Korau ya ɗauki dagi, ƙarfensa na haƙa, ya fita. Mutane sun cika wurin. Bakin lungun yanzu ko kafaɗar mutum ba ya ɗauka. An riga an gwada fasa katangar Tunau ta cikin gidansa, amma duk bugun diga sai ta ƙara matsawa ciki, a ji nishi daga can, dole aka daina. Ta Korau kuwa digar mutum biyu ta lanƙwashe a jikinta. Korau ya hau soronsa, ya kwanta a gefe ya leƙa. Bai ga wansa ba, bai ga ƙasa ba. Wani zurfi ya gani mai ruwan toka, da wasu 'yan ƙyalƙyali suna kunnuwa suna mutuwa. Ya zura dagin don ya banƙare tsakanin, dagin ya sulluɓe, ya kai hannu ya cafko shi, sai lungun da ba ya ɗaukar kafaɗa ya haɗiye shi ɗungurungum kamar yadda rijiya ke haɗiye guga.

Ya faɗo kan wata ƙasa mai laushi. Babu rana, babu inuwa, sai wani haske kamar na bayan ruwan sama. Ƙasar ba a shimfiɗe take ba. Ta kowane gefe tashi take yi sama, kamar an sa shi a cikin ƙatuwar ƙwarya, har yana hango duwatsu da busassun itatuwa a rataye bisa kansa. Ya miƙe ya kama tafiya. Can gabansa ya hango bayan wani mutum riƙe da dagi, ya ɗaga ƙafa don ya cim masa, mutumin ma ya ɗaga. Ya tsaya, mutumin ya tsaya. Da ya ga facin da ke ƙeyar rigar, ya gane bayan kansa yake bi.

A nan ya lura iskar ba iska ba ce. Wasu halittu ne cike da wurin, suna ɓullowa bibbiyu, ɗaya fari ɗaya baƙi, su rungumi juna su ɓace kafin ido ya ƙifta, wasu su maye gurbinsu. Wasu ba su kai ƙwayar gero ba, wasu tsawonsu ya wuce inda ido ke kaiwa. A tsakiyarsu wata tsohuwa na zaune bisa ba komai, tana kaɗi, mazari na juyawa, amma babu auduga a hannunta.

Korau ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, sannu da hutawa."

"Hutawa? Ya kai ɗan Adam, tun da aka yi gidan nan ba a taɓa hutawa a cikinsa ba. Ni ce Magajiyar Sarari. Kai ne mai katangar?"

"Ni ne."

"To, ka ba 'ya'yana aiki. Ga su nan kana gani. Duk inda kuka duba kuka ce babu kowa, suna wurin. Dangar kara ba ta dame su ba, ratsawa suke yi. Katangar yayanka ma suna ɗan ratsa ta. Taka ko kaɗan. A lungunku gajerun ne kawai ke samun wurin miƙe ƙafa, dogayen sai su tsaya a waje su yi cincirindo, suna jingina da katangun. Na ciki kaɗan ne, na waje ba iyaka. Lungun na tsukewa na ciki na ƙara raguwa, turin na ƙara ƙarfi."

"Allah ya ja zamaninki, ki hana su mana."

"In hana wa? Kafin in buɗe baki wanda zan yi wa maganar ya tafi. Ba ƙeta suke yi ba, ba su ma san da yayanka ba. Muddin katanga biyu na fuskantar juna, haka za su yi ta yi har su haɗe. Sai dai ɗaya ta faɗi."

"Ina yake?"

"Da a garinku ne, da ka miƙa hannu ka taɓa shi. A nan hanya a lanƙwashe take. Lungun yana da wani bakin ta wannan ɓangaren. Sai ka ratsa Ƙasar Sirdi, ka bi ta gefen Rijiya Mai Nauyi, sannan ka same shi. Daga ciki ake ture katangar, ta faɗi waje."

Ta tsinko zare daga mazarin ta ɗaura masa a wuyan hannun dama. "A gidan nan ba a kyauta, aro ake bayarwa. In ka ja zaren nan a hankali za ka sami ƙarfi kaɗan, ka daɗe da shi, ya koma ba ka ji komai ba. In aka tsinke shi za ka sami ƙarfin da ba ka taɓa mafarki ba, na ƙiftawar ido ɗaya, in ya tashi komawa ya tafi da ƙarfin hannun da ya riƙe shi, har abada."

Korau ya dubi zaren. "Katangar wana, wanne za ta ci?"

"Kaɗan ya ishe ta."

"Tawa fa?"

Tsohuwar ta dube shi, ta ci gaba da kaɗinta. "Kai ka gina ta, ka fi ni sani."

Ya yanke a ransa ta Tunau zai ture. Ai daga baya sai ya sake gina masa wata, ba tare da an yi wata magana ba. Magajiya ta nuna masa wata tsaga a gefen ƙwaryar, ta ce, "In ka isa rijiyar kada ka tsaya, ko me ka ji. Numfashi ɗaya a bakinta, a garinku inuwa ta yi nisa."

Ya bi ta tsagar ya fito Ƙasar Sirdi. Gabansa tudu, bayansa tudu, dama da hagu kuwa gangare ne mai zurfi. Bai yi nisa ba ya ji ƙafafunsa na rabuwa, kowace na neman nata gangaren, har cinyoyinsa suka fara zafi. Ya dasa dagi a ƙasa, ya kwance ɗamararsa ya ɗaure gwiwoyinsa. Da ya ɗago zai ɗauki dagin, ga shi can ya yi nisan jifa, yana tsaye yadda ya dasa shi, yana ƙara nisa. Ya bi shi da kallo har ya zama kamar allura. Ya ci gaba hannu sake, yana jan ƙafa.

Ya wuce kangwaye masu yawa. Bango nan, ɗan'uwansa can, rufin ya daɗe da zubewa a tsakani. Mutanen ƙasar aljanu ne dogaye masu faffaɗan kunnuwa, kowanne da guntun igiya tsinkakke a ƙugu. Ɗaya daga cikinsu, tsoho, yana zaune a kan turmi ya kafa kunne wajen gangare. Ya ɗaga hannu ya tsayar da Korau.

"Tsaya, baƙo, kada ka yi motsi, ƙanena zai yi magana."

Suka kasa kunne. Can sai wata 'yar murya ta iso kamar kukan sauro. Tsohon ya yi murmushi. "Ya ce yana gaishe ni. Bara ya faɗa. Ka ga ɗigon can? Shi ne. Kafaɗa da kafaɗa muka kwanta muna yara, igiya ɗaya a ƙugunmu. A ƙasarmu 'ya'yan Magajiya ta tsakiya suke turi, duk abin da aka jera sai ya rabu. Ba mu taɓa faɗa ba. Kai daga ina?"

"Daga inda katangu ke haɗewa. Wana ya maƙale a tsakani."

"Haɗewa!" Tsohon ya dafe ƙirji. "Kuna da arziki. To me ya sa kuka yi katanga biyu?"

Korau bai saba ba da labari ba, amma ya faɗa masa, har da maganar akuya da dariyar mai unguwa. Aljanin ya karkato kunne yana jira.

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

Tsohon ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya juya masa baya ya mayar da kunnensa wajen gangare. Korau ya yi masa sallama, bai amsa ba.

Daga ƙarshen tudun hanya ta gangara, ƙafafunsa suka daina rabuwa, ya kwance ɗamarar. Amma yanzu komai na jikinsa gefe ɗaya yake rinjaya, rigarsa, gemunsa, har yawun bakinsa. Sai ga Rijiya Mai Nauyi. Bakinta ya fi kasuwar Tudun Marke faɗi, baƙinta ya wuce a kira shi duhu, ɗan hasken wurin ma in ya zo kusa lanƙwashewa yake yi ya kewaya ta. Hanyar siririya ce a kan gaɓa. Can ƙasa da shi ya hango wani mahayi bisa doki, dokin ya ɗaga ƙafa ɗaya, gansakuka ta fito a kan sirdin, ƙafar ba ta sauka ba tukuna.

Ya kama gaɓa da hannu yana rarrafe. Sai ya fara jin muryoyi suna kewaya bakin rijiyar kamar ruwa a mazurari. Wani ƙadangaren dutse mai ido ɗaya da ke manne a gefen hanya ya ce masa, "Wuce, ɗan Adam. Waɗannan maganganu ne da aka yi suka bugi bango suka dawo, ba su sami kunne ba. Nan suke taruwa. Ba naka ba ne, wuce."

Da ma ya wuce. Amma a cikin hayaniyar ya tsinci kukan mace da ya san muryarta, kukan Hansai. A bayansa kuma ga muryar Tunau, ba barkwanci a cikinta, da ƙarar tafin hannu yana dukan katanga.

"Korau! Korau, fito, Yalwa ta tafi. Fito ka kama mini, ba zan iya ɗaukar ta ni kaɗai ba. Korau, don Allah."

Ya daina rarrafen. Muryar ta wuce, ta kewayo, ta sake faɗin abin da ta faɗa. Ya tsaya ya ji ta. Ta sake kewayowa, ya sake ji. Duk shekarun nan yana riƙe da cewa ba a kira shi ba, da wannan yake samun barci. Ƙadangaren ya sauko ya gantsara masa cizo a dunduniya.

"Tashi! Wanda ya yi kiran yana da sauran numfashi, kai kana nan kana cinye masa shi."

Korau ya zabura. Ya ja jiki da ƙyar ya fita daga rinjayen rijiyar, ya sheƙa da gudu, jini na bin sawunsa.

Ga su nan a tsaye a tsakiyar fili mai toka, katangu biyu, ba gida ba gari. Ya gane su. Ta hagu ja mai santsi, tasa. Ta dama mai ƙuraje da faci, ta wansa. 'Ya'yan Sarari sun yi musu dafifi ta waje, dogaye a kan dogaye, suna zuwa suna ɓacewa, katangun na ƙara kamar haƙoran mai jin sanyi. Bakin lungun saura kaɗan. Ya tuɓe riga ya yar, ya fitar da numfashi, ya kutsa a kaikaice.

Ya yi ta jan jiki, ƙasa na goge masa ƙirji da baya, kuncinsa a manne. Gajerun halittun nan na ƙyalƙyali a gaban idonsa, da haskensu ya ga jikin katangar da yake fuskanta. Yaɓe ne, sabo a kan tsoho, tsoho a kan wanda ya fi shi tsufa, tun daga gindi inda ruwan indararo ke cin gini har iya tsawon hannu. Shatin yatsu ne ko'ina. A kowane shati ƙaramin yatsa a karkace yake. Tunau ya karya wannan yatsan suna yara, ranar da ya tare wa Korau tubalin da ya faɗo daga kan gini.

Ƙarƙashin yaɓen kuwa jar makuba ce mai santsi. Sai a lokacin ya gane. Katangarsa yake fuskanta. Shekara da shekaru duk inda ya ga katangar wansa baya yake ba ta, yau ma a bakin lungun jikinsa ya juya mata baya kafin ya yi tunani. Kuma wannan katangar da garin ke cewa ba ta taɓa neman gyara ba, ga wanda ke gyara ta.

Ya gwada juyawa, ko kansa bai iya motsawa ba. Ya yi tunanin ya koma baya ya sake shigowa, sai ya ji katangun sun ƙara matsowa, ƙashin ƙirjinsa ya yi ƙara. Lokacin da zai yi wannan ya bar shi a bakin rijiya. Ya matsa gaba, kafaɗarsa ta dama ta taɓa kafaɗar mutum.

"Wane ne?" Muryar kamar ana jan zare ta cikin ƙaya.

"Ni ne."

Muryar ta ce, "Korau? Kai, muryarka ta tsufa." Ya yi tari mai jiƙe. "Koma. Ka ji? Mutum ɗaya ya ishi wurin nan."

Korau ya ɗaga hannun damansa da ƙyar, fatar na saɓulewa, ya ɗora tafin a kan wani shati mai karkataccen yatsa. Da wannan hannun ya ci abinci tun yana saurayi, ba shi da wata sana'a, ba shi da ɗa. Ya lanƙwasa yatsa ya ja zaren a hankali, ƙarfi ya shigo, ya tura. Katangar ko gezau. Ya san haka za ta yi, shi ya gina ta. Hannun hagunsa kuma ba zai kai ga zaren ba.

"Miƙo hannu," ya ce.

"Har yanzu miƙon nan kaɗai ka iya?"

"Akwai zare a wuyan hannuna. Tsinke shi."

"Na mene ne?"

"Tsinke kawai."

Ya ji yatsun wansa suna lalube a kan fatarsa, masu sanyi, da busasshen yaɓe a jikinsu. Karkataccen yatsan ya shiga ƙarƙashin zaren. Ya ja, bai tsinke ba. Ya huta, ya sake ja.

Abin da ya shigo hannun Korau ba shi da suna. Ya ji kamar duk filin da ya ratso, da ƙwaryar da sirdin da rijiyar, sun taru a gwiwar hannunsa. Ya tura. Katangar ta tsage daga gindi har sama, ta tafi gaba ɗaya, azarar soro ta biyo ta, dogayen 'ya'yan Sarari suka kwararo ta ɓarakar kamar guguwa. Katangar da ke bayansu ta saki da wani dogon nishi. Kafin ƙurar ta taso ƙarfin ya koma inda ya fito, ya ji yana zarewa ta kafaɗarsa, yana jan na hannun tare da shi.

Ruwan sama ne ya farkar da shi. La'asar ta yi a Tudun Marke, hadarin ya sauko, mutane na janye tubali da azara suna salati. Soron Korau ya zama tsibin ƙasa. Aka jawo su biyun aka kai su rumfar da ta rage a tsakar gidansa. Hannun damansa na lilo a gefensa kamar jiƙaƙƙiyar igiya, wani ya matsa shi ya ce ko yana ji, ya girgiza kai.

Tunau aka shimfiɗa a tabarma. Haƙarƙarinsa sun karye, duk numfashi sai ya fito da jini a gefen baki. An aika a kira mai ɗori, amma dattawan da ke tsaye kallon juna kawai suke yi. Hansai ta ɗora kansa a cinyarta tana share masa fuska da bakin zane. Ya buɗe ido, ya juya a hankali ya dubi inda katangar take a da, ruwa na narkar da jar ƙasar tana gangarowa.

"Jama'a," ya ce, "wace akuyar ce ta jingina?"

Ba wanda ya yi dariya sai Hansai, ita ma dariyar a tsakiya ta karye ta zama kuka. "Rufe mana baki, tsohon banza, ka bar numfashin ya yi maka amfani."

Korau ya ja gwiwa ya matso. Mutane suka dare masa. Ya so ya kama hannun wansa da dama, hannun bai tashi ba, ya kama da hagu. Ya sunkuya zai yi masa magana. Ruwa na dukan rumfar, ya ga in a hankali ya faɗa ba za a ji ba, kuma ya ga inda maganar da ba a ji ba take zuwa. Ya ɗaga murya har na bakin zaure suka waiwayo.

"Yaya, na ji kiran da ka yi mini ranar Yalwa. Sai yau na ji shi. Ban fito na kama maka ba, ban zo maka gaisuwa ba, kai da Hansai. Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta. Na ga hannunka a bayan katangata. Ni na yi laifi, Yaya. Don Allah ka yafe mini."